Amsa ga Alhajin da ke son kai uwargida Filifin: dutse, teku da al'ada a kwana 12

Wa alaikumus salam Alhaji. Na karanta tambayarka, ka ce kuna da hutun kwana 12 kai da Hajiya, kuna son zuwa Filifin, kana son ka ga duwatsu ita kuma tana son ta huta a bakin teku, sannan ku biyun kuna son ganin yadda mutanen ƙasar suke rayuwa ba zaman otal kawai ba. Ka kuma tambaya ko Boracay kaɗai ya isa, da batun abincin halal da hijabinta. Toh bari in zauna in ba ka amsa a tsanake, don na yi shekara shida ina karatu a Cebu, kuma bayan na dawo na koma sau da dama da mutanen da nake shirya wa tafiya, ƙasar nan ina sonta har cikin raina shi ya sa ba na son mutum ya kashe kuɗinsa ya dawo da gajiya kawai.

Abu na farko, kada taswira ta ruɗe ka. In ka buɗe ta a waya za ka ga tsibiran kamar a manne suke da juna, sai ka ce ai yau ina nan gobe ina can, wallahi ba haka abin yake ba. Tsibiri 7,641 ne a ƙidayar hukuma, kuma duk lokacin da ka tashi daga wani zuwa wani to ka ɗauka wannan yinin ya tafi, tsakanin haɗa kaya da zuwa filin jirgi da jira da sauka da neman mota zuwa sabon masauki sai ka ga magariba ta yi, rana kuma can da wuri take faɗuwa, wajen ƙarfe shida duhu ya shiga. Mafi yawan waɗanda suka dawo suna cewa ba su ji daɗi ba, in ka bincika za ka samu sun cusa wuri biyar ko shida a kwana goma. Shawarata wuri uku, Manila babban birnin ƙasar da duwatsun Ifugao da tsibirin Bohol, kuma ku fara da dutse ku ƙare da teku. Hawan dutse yana son sabon ƙarfi, teku kuma shi ne maganin ciwon gwiwar da dutsen zai bar muku. In kuka juya tsarin za ku dawo Kano a gajiye kamar ba hutu kuka je ba.

Boracay wuri ne mai kyau ban musa ba, farin rairayinsa na kilomita huɗu laushinsa kamar garin fulawa, kuma tun da gwamnati ta rufe shi wata shida a 2018 aka gyara magudanan ƙazanta ya ƙara tsafta, har a 2024 sun ware wani ɗan lungun gaɓa da suke kira Marhaba domin iyalan Musulmi. Amma ƙaramin tsibiri ne da aka cika da otal-otal da shaguna da gidajen rawa, babu dutsen da kake nema, al'adar da za ka gani kuma ta 'yan kasuwar baƙi ce. Abu ɗaya cikin ukun da ka lissafa zai ba ka.

Kafin in shiga wuraren bari mu gama da takardu. Mai fasfo ɗin Najeriya sai da biza, ana nema a ofishin jakadancinsu da ke Abuja, ka fara da wuri kada ka bari sai saura sati biyu. 'Yan'uwanmu masu fasfo ɗin Nijar ko Ghana suna cikin jerin ƙasashen da ake bari su shiga kwana 30 ba biza. Ka riƙe katin rigakafin shawara, fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla, tikitin dawowa da takardar otal ka buga su a takarda kada ka dogara da waya, sannan cikin awa 72 kafin ku sauka ku cike rajistar eTravel a intanet, kyauta ce, duk shafin da ya ce ka biya kuɗi ba na gwamnati ba ne. Babu jirgi kai tsaye, ta Doha ko Dubai ko Istanbul za ku bi, kuma suna gabanmu da awa bakwai, don haka daren farko barci zai yi muku gardama. Kuɗinsu peso ne, a 2024 da 2025 dala ɗaya ta yi ta kai-kawo tsakanin 55 da 60, ka tafi da dala sababbi 'yan ɗari-ɗari don masu canji suna ƙin tsohuwa ko mai tabo.

Lokacin tafiya shi ne abin da ya fi komai muhimmanci bayan biza. Iska biyu ke mulkin shekararsu, amihan mai busowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba har Afrilu ko Mayu, ita ce ta rani da kwanciyar teku, sai habagat daga Yuni zuwa Oktoba mai ruwa. Kusan mahaukaciyar guguwa 20 ke shiga yankinsu duk shekara, kuma kada ka ɗauka Nuwamba da Disamba an tsira, Haiyan a Nuwamban 2013 ta zo, Odette da ta ragargaza Bohol da Cebu a Disamban 2021 ta zo. Ni in an bar mini zaɓi tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Afrilu nake kai mutane, Afrilu akwai zafi amma mutumin Kano ba zai ji komai ba sai dai gumi don iskar mai laima ce. Ka dai kauce wa makon Ista, duk ƙasar ce ke tashi zuwa ƙauye da bakin teku, tikiti da ɗaki su yi tsada su kuma yi wuyar samu. Ka duba kalandar azumi ma, hawan dutsen ƙauyen Batad da ƙishirwa ba abin da zan so maka ba ne.

Manila kwana biyu sun isa. Ku je Intramuros, tsohon birni mai ganuwa da Sifaniyawa suka gina, ku ga Fort Santiago inda aka tsare José Rizal, gwarzon ƙasar, kafin a harbe shi ran 30 ga Disamba 1896, da cocin San Agustin da aka gama a 1607 yana nan tsaye duk da girgizar ƙasa da yaƙi. Abin da nake so ka riƙe a ranka kana tsaye a wurin shi ne kafin Sifaniyawa su kama garin a 1571, sarki Musulmi ne ke mulki a nan bakin kogin Pasig, Raja Sulaiman, kuma Musulunci ya riga Kiristanci shiga ƙasar, masallacin Shehu Karimul Makhdum da ke Simunul can kudu ana danganta kafuwarsa da 1380, Magellan kuwa, Baturen da ya fara kawo Kiristanci, sai 1521 ya iso. Yau kusan kashi 79 cikin ɗari 'yan Katolika ne, Musulmi kashi 6 da ɗoriya. Daga nan ku wuce Quiapo ku yi sallah a Masallacin Zinariya da aka gina a 1976, kewayensa duk gidajen abincin Musulmin Mindanao ne, babban tsibirin kudancin ƙasar, ku ci pastil, shinkafa ce da dagargajen kaza a naɗe cikin ganyen ayaba, da piaparan, kaza da kwakwa da gangamau da wani yajinsu da ake kira palapa. Unguwa ce mai cunkoso kamar Kantin Kwari ana gobe sallah, waya a aljihun gaba, Hajiya ta rungume jakarta.

Wani abu da zai ba ka mamaki daren farko, alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Mu da muka saba cewa mu fuskanci gabas sai da na yi makonni kafin jikina ya yarda, ka saka manhajar alƙibla a waya tun daga gida.

Yanzu dutse. Arewacin Luzon, tsibirin da Manila take, lardin Ifugao, garin Banaue. Bas ɗin dare ake hawa daga Manila, ya tashi wajen tara ko goma ya isa da safe, awa tara zuwa goma, kuma sanyin na'urar cikin bas ɗin ya fi na Jos a watan Janairu, ku shiga da rigar sanyi da safa da bargo ƙarami, ba wasa nake ba. Daga Banaue kada ku tsaya a wajen kallon da kowa ke tsayawa ya ɗauki hoto ya juya, ku ɗauki jeepney, motar hayarsu, ko keke mai ƙafa uku kamar awa ɗaya zuwa inda titi ya ƙare, ku gangara da ƙafa minti ashirin zuwa ƙauyen Batad. Gonakin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1995 rukuni biyar ne, Batad da Bangaan da Hungduan da Mayoyao da Nagacadan, waɗanda ke gefen garin Banaue ɗin kansa ba sa ciki saboda gine-ginen zamani sun shiga tsakaninsu.

Zan gaya maka safiyar da ba na mantawa. Na idar da asuba a barandar katako ta masaukin da muka kwana, hazo ya rufe kwarin ruf ba ka ganin ko tafin hannunka, sai zakaru da ƙarar ruwa yana gangarowa ta ko'ina. Da gari ya fara wayewa sai hazon ya riƙa yayewa daga ƙasa, gonakin suka riƙa fitowa hawa-hawa, kowane hawa da katangar dutse da aka jera da hannu ba siminti, an zagaye dutsen da su kamar ƙwarya tun daga gindi har kusa da ƙoli, ruwa kwance a kowace gona yana ɗaukar hasken sama. Can ƙasa wata tsohuwa da ba za ta gaza shekara saba'in ba tana tafe a kan bakin katanga da faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ɗauke da damin irin dashe, ko kallon ƙafarta ba ta yi. Ta shiga laka har gwiwa ta sunkuya ta fara dasawa ɗaya bayan ɗaya. Har na gama shan shayi na sake haɗa wani ba ta ɗago ba.

Kai da ka san noman rani na Kura da Kadawa za ka fi kowa gane gwanintar da ke wurin. Babu injin ban ruwa ko ɗaya. A saman kowane rukunin gonaki akwai daji da iyalai suke gadonsa suna tsaronsa, suna kiransa muyong, shi ke riƙe ruwan sama ya sake shi a hankali, sai a bi da ruwan ta ƙananan hanyoyi da gorar bambu ya shiga gonar sama, in ta cika ya zuba ta ƙasa, haka har gindin kwari. Wanda ke sama in ya yi sakaci katangarsa ta rushe ya cuci duk na ƙasa da shi, shi ya sa gyaran katanga aikin gayya ne. Shinkafarsu ta gado tinawon sau ɗaya ake nomanta a shekara. Za a ce maka gonakin shekararsu dubu biyu, haka aka daɗe ana faɗa, amma masu tonon tarihi da suka yi aiki a Kiangan sun nuna yawancinsu ba su fi shekara ɗari huɗu ba, an faɗaɗa su ne lokacin da mutane suka hau dutse suna gudun mulkin Sifaniya. Ni wannan bayanin ya ma fi ƙara musu daraja a idona, mutane ne da suka ƙi miƙa wuya suka sassaƙa dutse ya ciyar da su. Abin da ke damuna shi ne matasa suna barin ƙauyen zuwa birni, daga 2001 zuwa 2012 wurin yana cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, don haka ka ɗauki ɗan jagora ɗan ƙauyen ka biya shi da kyau ba tare da dogon ciniki ba, ku kwana a can ku ci a can, kuɗin ya zauna a hannun masu gonar.

Ka lura da ɗakunansu na gargajiya, a kan ginshiƙi huɗu suke da wani faifan katako a wuyan kowane ginshiƙi don kada ɓera ya hau, kana gani za ka tuna rumbu. Za ka ga bakin dattawa jawur kamar na mai cin goro, moma suke taunawa, har alluna ake kafawa a gari na hana tofar da shi. Za ka kuma ga gumakan katako da suke kira bulul masu gadin shinkafa a addininsu na gargajiya, ana sayar wa baƙi, kai dai ka kalla ka wuce, in tsaraba kake so akwai saƙar hannu mai kyau ƙwarai. Tsofaffin da ke sanye da kayan gargajiya a wajen kallo suna jiran a ɗauki hoto da su, sana'arsu ke nan, ka nemi izini ka ba su wani abu.

Game da Hajiya, gaskiya Batad matattakala ce zalla. Zuwa magangarar ruwan Tappiya kusan awa ɗaya ne gangara, dawowar kuma hawa ne mai sa mutum ya riƙa tsayawa yana riƙe gwiwa. In tana da ciwon gwiwa ko hawan jini ko juna biyu, ta zauna a baranda, abin da za ta gani daga nan ma ya isa. In za ta taka, takalmin kambas mai riƙe ƙasa, dogon wando a ƙarƙashin riga mai tsayi zuwa gwiwa, hijabi madaidaici, doguwar abaya mai jan ƙasa haɗari ce a kan waɗannan katangun. Ku bar manyan akwatuna a Banaue ku shiga da jakar goyo, ku riƙe tsabar kuɗi don babu na'urar cire kuɗi a ƙauyen, sabis ɗin waya ma sai an dace. Kwana uku a yankin, ɗaya a Banaue biyu a Batad. Watan Fabrairu da Maris za ku samu ana dashe ruwa na ƙyalli, Afrilu da Mayu kore shar, Yuni da Yuli ta nuna ta yi ruwan zinariya amma damina ta shigo kuma zaftarewar ƙasa na rufe hanya.

Daga nan bas ɗin dare ya dawo da ku Manila, ku hau jirgi kamar awa ɗaya da rabi zuwa Bohol, filin jirgin Panglao, ƙaramin tsibirin da ke manne da Bohol, da aka buɗe a 2018. Ku bar tazara mai yawa tsakanin isowar bas da tashin jirgi, cunkoson Manila ba ya da alƙawari. Na zaɓar muku Bohol a kan Palawan ne da gangan. El Nido da Coron da ke Palawan sun fi shi ban mamaki a hoto, amma can kullum kana cikin kwale-kwale daga safe zuwa yamma tare da baƙi ashirin, wanda ya sauko daga Batad kuma kwanciya yake so. A Panglao ku guji gaɓar Alona, nan ne mashaya da kiɗa da Turawa cikin kayan wanka, ku nemi ɗaki ta wajen Dumaluan inda rairayin ya fi faɗi ruwan kuma bai da zurfi, ko in kuna son shiru sosai ku ɗauki mota awa biyu da rabi zuwa uku zuwa Anda a gabashin tsibirin, da yamma 'yan garin ne kawai ke fitowa da yaransu a gaɓar Quinale.

Batun shigar Hajiya cikin ruwa kada ya dame ka ko kaɗan. Su kansu 'yan Filifin mafi yawansu da riga da wando suke wanka a teku, matansu suna sa riga mai dogon hannu saboda kunya da gudun rana, don haka mace da kayan wanka mai rufe jiki da ɗankwali ba wanda zai kalle ta sau biyu saboda kayan. Kallo dai za a yi muku saboda baƙar fata, musamman a ƙauye, yara su biyo ku, wani ya roƙi hoto. A shekaruna shida mafi yawan abin da na gani son sani ne, in ka yi murmushi ka ce salamat, wato na gode, sai fuska ta sake. Ka kira namiji kuya mace ate, ka ƙara po a ƙarshen magana in da babba kake yi a yankin Manila. Za ka ga yaro ya kama hannun dattijo ya ɗora a goshinsa, mano suke ce masa, ranar da na fara gani sai da na tuna yadda muke durƙusa wa iyaye. Turanci kuma kusan kowa yana ji, dattawanmu da malaman Filifin suka koyar a sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980 za su ba ka shaida.

A kwana huɗun Bohol yini ɗaya kawai nake so ku ba yawo cikin tsibiri. Ku tashi da sassafe ku riga motocin 'yan yawon buɗe ido zuwa Chocolate Hills a Carmen, tuddai sama da 1,200 masu siffar tulun da aka kife, da rani ciyawarsu ta bushe ta yi ruwan ƙasa, matattakala ɗari biyu da 'yan kai ce zuwa wajen kallo. Ku biya Corella ku ga tarsiya, wata 'yar dabba dangin biri da ba ta fi dunƙulen hannu ba, idanu ƙwala-ƙwala, da dare take kiwo da rana tana barci, ba a taɓa ta ba a haska mata fitilar kyamara ba a ɗaga murya, duk inda aka ce ka biya ka riƙe ta a hannu ka bar wurin don wahalar da ita suke. Cocin Baclayon da tubalin murjani aka gina shi, girgizar ƙasa mai ƙarfin 7.2 ta Oktoban 2013 ta rusa gabansa aka sake gyarawa. Kuma mutanen nan masu fara'a su ne suka yi tawaye mafi tsawo a tarihin ƙasar, na Dagohoy, daga 1744 har 1829, shekara 85 suna cikin duwatsun tsibirin Sifaniyawa sun kasa su. Wata safiyar ku ɗauki bangka, kwale-kwale mai fiffiken gora a gefe biyu, zuwa tsibirin Balicasag ku ga kunkurun teku yana kiwo a ƙarƙashinku, rigar kariya a jiki ko kun iya ruwa. Sauran kwanakin ku kwanta a inuwa, a fasa muku ɗanyar kwakwa, ku sha mangwaron da zaƙinsa sai ka ɗanɗana.

Abinci kuwa a nan nake so ka buɗe ido. Naman alade shi ne naman ƙasar, lechon da sisig duk shi ne, wannan mai sauƙi ne ka gani ka kauce. Matsalar tana cikin abin da ba ka zato. Watana na farko a Cebu na shiga wani ƙaramin gidan abinci na nuna miyar wake da ganye na ce wannan dai lafiya, matar ta ɗebo ke nan wata ɗaliba 'yar Mindanao mai ɗankwali da ke bayana ta taɓa ni ta ce ɗan'uwa kada ka ci, ta sa matar ta juya ludayi sai ga ƙananan yankan kitse suna tasowa. Tun ranar na koyi cewa miyar ganye da taliyar pansit da lumpia har da soyayyar shinkafa ana iya sa musu alade ko dunƙulen ɗanɗanonsa ko a soya da mansa. Ka haddace walang baboy a Manila, walay baboy a Bohol da Cebu, ma'ana babu alade, ka kuma tambayi man da aka yi suya da shi. Hanya mafi kwanciyar hankali a bakin teku ita ce kifi, ka zaɓa da hannunka ɗanye, a gasa maka a kan ganyen ayaba ko takardar gashi don kada ya taɓa wayar da aka gasa wani abu, da farar shinkafa da ɗan lemon tsaminsu kalamansi. A Batad ƙwai da shinkafa da kayan lambu da ka ce a dafa maka daban. Ku tafi da yajinku da garin kunu da man shanu kaɗan, kilishi dai kada ku ɗauka, ana ƙwace nama a filin jirgi. Duk kasuwar da ka ga masu sayar da lu'ulu'u da kayan waya mata da ɗankwali, galibi Maranao ne, wata ƙabilar Musulmin Mindanao, yi musu sallama ka tambaye su masallaci da inda suke cin abinci.

In ka ga bas ɗin dare biyu sun yi wa Hajiya yawa, akwai wata hanyar da nake ba masu shekaru. Ku sauka a Cebu kai tsaye ku manta da Luzon, ku hau ƙaramin jirgi ƙasa da awa ɗaya zuwa Camiguin. Tsibiri ne da titin da ya zagaye shi kilomita 64 ne kacal amma duwatsu masu aman wuta bakwai ne a kansa, Hibok-Hibok da ya yi aman ƙarshe a farkon shekarun 1950 ana hawansa da izini da ɗan jagora, ga magangarar Katibawasan, ga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ta sanyi, ga maƙabartar da ta nutse a teku a aman 1871 an kafa babban gicciye a kanta, sannan White Island, tsibin farin yashi tsakiyar ruwa babu ko bishiya ɗaya, kana kwance a kai kana kallon dutsen da gajimare a wuyansa, ku je da sassafe da lema don babu inuwa. Dutse da teku a wuri ɗaya ke nan, daga nan ku ƙarasa Bohol. Abin da za ku rasa shi ne Ifugao, kuma ni a ganina babban rashi ne. Camiguin a lissafin Mindanao yake amma lafiya lau ne, inda ƙasashe ke gargaɗin 'yan ƙasarsu shi ne Sulu da Basilan da kewayen Marawi da aka yi yaƙin wata biyar a 2017, duk da nan ne cibiyar Musulmin ƙasar ban ba ka shawarar kai iyali ba tare da ɗan gari da ka sani ba.

Sauro na can na zazzaɓin dengi ne kuma da rana yake cizo, ku shafa magani safe da yamma. Ruwan gora kawai za ku sha. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi ko da ɗan garinku ne, dokar ƙwaya a can ba sassauci. A Manila da Cebu yi amfani da Grab, manhajar kiran mota, maimakon tsayar da tasi, layin waya kuma Globe ko Smart a filin jirgi da fasfo ɗinka.

Daren ƙarshe dole ku kwana a garin da jirginku na dawowa zai tashi. Na taɓa kai wasu mutum huɗu muka tsara mu tsallako da jirgin ruwa da safe mu hau na gida da dare, rana tana haske teku kwance, sai hukumar yanayi ta ɗaga gargaɗin guguwa mataki na ɗaya saboda wata iska da ke can nesa, masu tsaron gaɓa suka hana kowane jirgin ruwa tashi, muna zaune a tasha da akwatuna jirginmu ya tafi, sabon tikitin da muka saya ya kusa cinye rabin kuɗin tafiyar. Laifin tsarin ne da bai bar tazara ba. Don haka lissafinku shi ne Manila biyu, bas ɗaya, Ifugao uku, bas ɗaya, Bohol huɗu, Manila ɗaya, sha biyu ke nan cif, kwanakin jirgi daga gida da komawa kuma ka nemi ƙarin biyu a wajen aiki. A wannan yinin na ƙarshe Hajiya ta shiga kasuwar Greenhills ta zaɓi lu'ulu'u a hannun matan Maranao, akwai wurin sallah a ciki, kai kuma ka cika jaka da busasshen mangwaron Cebu don yara. In ka tsayar da watan da za ku tashi ka sanar da ni in duba maka yadda ya faɗa da azumi da Ista, ka gaishe da Hajiya.